Mahauci a Bakin Tafkin Jabi

Albashina na farko ya shigo ran Talata,
ran Asabar Baba ya hau mota daga Bukur.
Na ce ya zo Abuja ya ci naman da bai yanka ba,
shi da ya shekara arba'in yana fawa.

Otel ɗin na bakin tafkin Jabi,
gilashi tun daga ƙasa har rufi.
Fitilu sun sauka cikin ruwa suna makyarkyata,
wani kwalekwale ya ratsa su suka watse,
suka dawo suna haɗuwa.

A ƙofa ya sunkuya zai cire takalmi,
na riƙe hannunsa.
Sanyin na'ura ya daki babbar rigarsa,
ya ce, "Kubura, ai wannan ɗakin ajiye nama ne,
mu aka kawo ajiyewa?"

Aka jera mana wuƙaƙe da cokula.
Ya ɗauki ɗaya ya gwada a farcen babban yatsa,
ya ture ta gefe kamar kuɗin jabu.
"Wannan ko albasa sai an lallashe ta
kafin ta yarda da yankuwa."

Takardar abinci da Italiyanci,
sunaye masu dogon wutsiya.
Na ɗora yatsa na rufe lambobin,
amma wa ke ɓoye wa mahauci ciniki?
"Kuɗin tunkiya da ɗanta," in ji shi,
"ba kai, ba ƙafa, ba kayan ciki,
sai ladan dafawa."

Yaron da ke hidima, Dung, ɗan Gyel ne.
Ya ji muryar ya rusuna:
"Ba Shu'aibu Mai-Tozo ba ne na layin 'yan nama?
Uwata kan aike ni da naira hamsin,
ka ƙara mini ƙashi gyara."
Baba ya gyara zaman hularsa,
ɗakin ya rage girma, ya koma kasuwa.

"Wa ya yanka?" "Wani malami ne a Karu, Baba."
Sai ga nama, kaurin tafi biyu,
man zaitun na ƙyalli, ɗan ganye a ka,
tsakiya ja kamar wuta gaisuwa kawai ta yi.
Ya danna da yatsa, ya sunsuna.
"Gadon baya ne, kusa da ƙugu.
San nan bai taɓa bin burtali ba,
bai san ƙaya ba, balle ƙishirwa."

Na manta, wallahi na manta
haƙora huɗu suka rage masa.
Shekara shida yana auna wa mutane tsoka,
ya koma gida ya sha romo.
Na ɗaga hannu zan ce a canza,
ya riga ya yanka, ya kai baki,
naman ya narke tun kafin taunawa.

Bai ce komai ba.
Ya daɗe yana kallon ruwa.

Can ya laluba aljihu, ya kwance ƙullin yaji.
Kuku ya fito, Bature ne, Otabiyo,
ya dangwala, ya lasa, tari ya sarƙe shi,
hawaye na zuba yana neman ƙari.
Ba Hausa, ba Italiyanci,
wannan ya dafa bayansa, wancan ya nuna haƙarƙari,
suka feɗe sa guda a jikinsu
ina zaune ina kallon mahauta biyu na gaisawa.

Rabin ya ce a ƙunshe wa Inna.
Na biya ina kare takardar da mayafi.
A mota, ƙunshin na kan cinyarsa da ɗuminsa,
muna wuce sha-tale-tale ya ce,
"Kada 'yan layi su ji kuɗin, Kubura.
Ce musu kawai na ci nama.
In kuma za ki sake, faɗa mini da wuri,
da wuƙata zan yi dawowa."